Kafin ka goge Windows ka ɗora Linux, ji abin da ya same ni a Aziziyya

Tun da aka saki bidiyon nan na tsofaffin laftof, tambaya ɗaya ce take ta dawowa wayata, daga Kano, daga Maraɗi, har da wani ɗan'uwa daga Kumasi: Windows 10 ta ƙare, kwamfutata ba ta ɗaukar Windows 11, in koma Linux ne? Da a ce shekara biyu da suka wuce kuka yi min wannan tambayar, kafin ku rufe baki na ce eh, har in miƙo muku filash. Yanzu kam sai na fara tambayar mutum me yake yi da kwamfutar, kuma wa zai kai wa in ta tsaya. Wani dattijo ne a nan Makka ya koya min wannan, ba tare da ya san ya koya min komai ba.

Bari mu fara da abin da ya jawo maganar. Ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10. Ba wai kwamfutar za ta ƙi kunnuwa ba ne, tana nan tana aiki, sai dai duk wata kafa da ɓarayin intanet suka gano daga wannan ranar ba mai toshe maka ita. Windows 11 kuwa, wadda ta fito a watan Oktoban 2021, tana da sharuɗɗa: sai da TPM 2.0, wato ɗan guntun tsaro da ke jikin allon kwamfutar, kuma furosesar Intel ta kasance zubi na 8 zuwa sama, ko Ryzen 2000 zuwa sama a ɓangaren AMD, in ka cire 'yan ƙalilan da aka yi wa sassauci. To ku duba abin da ke hannun yawancinmu. HP EliteBook 840 G3, Dell Latitude E7470, ThinkPad T470, irin waɗanda ake saya a Titin Beirut a Kano, ko a nan a samo su a Haraj. Duk zubi na 6 ne ko na 7. Lafiyarsu ƙalau, ka sa musu SSD da RAM giga 8 su yi maka shekaru, amma a takarda an ce sun tsufa.

Ni ɗalibin injiniya ne, digiri na biyu nake yi, kuma shekarata ta huɗu ke nan ina aiki da Linux kullum. Ina sonta. Don haka duk abin da zan faɗa a ƙasa, ba maganar maƙiyi ba ce.

Abin da na yi wa Alhaji

Akwai wani dattijo ɗan garinmu da ya daɗe a ƙasar nan, yana aiki a wani ɗan ofis da ke hidimar masu zuwa Umara a unguwar Aziziyya. Shi ne ya riƙe ni kamar ɗa lokacin da na zo sabo, gidansa nake zuwa cin tuwo in marmari ya taso. Wata rana ana saura kwana goma azumi ya kira ni, ya ce, "Injiniya, kwamfutar nan kullum sai ta fito min da wani rubutu wai an daina kula da ita. Zo ka gani." Na je, na duba, zubi na 6 ce. Na tambaye shi me yake yi da ita. Ya ce shafukan intanet ne kawai, sai ɗan rubutu, sai firinta. Na ce, "Baba, an gama. Akwai wadda ta fi wannan, kyauta ce, ba ta kama bairos kamar wannan, kuma za ta fi sauri." Ya ce duk yadda na gani.

Na kwashe masa fayilolinsa, na goge diskin, na ɗora Linux Mint. Cikin awa ɗaya komai ya tashi. Wi-Fi ya kama, Chrome ta buɗe, shafukan da yake aiki da su duk sun buɗe, har firintar ma da nake tsoro ta fito da kanta ba tare da na nemo mata direba ba, domin sababbin firintoci masu haɗuwa ta netwok suna da yaren da Linux take ganewa kai tsaye. Na koma ɗaki ina jin kaina.

Washegari bayan la'asar wayata ta yi ƙara. Ashe a cikin durowa akwai wata 'yar na'ura da yake karanta fasfo da ita, wadda bai ambata ba domin a ganinsa ita ba kwamfuta ba ce. Manhajarta ta Windows ce kaɗai. Sannan jerin sunayen baƙin da ake turo masa yana zuwa ne a fayil ɗin Excel mai makro a ciki, ka danna maɓalli ɗaya ya raba mutane ɗaki-ɗaki da mota-mota. LibreOffice ta buɗe fayil ɗin, sunaye suna nan, amma maɓallin ya zama ado. Ga ayari na sauka Jidda cikin kwana biyu. Alhaji bai yi min faɗa ba, wanda wallahi ya fi faɗan ciwo. Cewa kawai ya yi, "Ɗana, a mayar min da ta da ɗin, na saba da ita." A daren na kwana ina mayar da Windows 10, na yi masa rajistar ƙarin wa'adin tsaro da Microsoft ta buɗe wa masu amfani na gida, wanda zai kai shi 13 ga Oktoban 2026.

Laifin nawa ne ɗungurungum. Na tambayi abin da yake yi da kwamfutar, ban zauna na kalli yadda yake aikin ba. Mutum ba ya iya lissafa maka abin da ya dogara da shi, domin abin da hannu ya saba da shi baki ba ya tuna shi. Kuma na goge diski alhali ina da damar in kunna Linux daga filash ya yini yana gwadawa ba tare da an taɓa komai ba.

Wa za ta yi wa, wa ba za ta yi wa ba

Masu wa'azin Linux, kuma na yi zamani a cikinsu, suna son kawo hujjar cewa duk manyan kwamfutoci 500 da suka fi ƙarfi a duniya Linux suke amfani da ita tun 2017. Gaskiya ne. Shaheen da ke jami'ar KAUST a Thuwal, arewa da Jidda, tana cikin irinsu. Wayar Android da ke aljihunka ma a kan ƙwayar Linux aka gina ta. Amma a kan tebur, alƙaluman StatCounter sun nuna sai a 2024 Linux ta haura kashi 4 cikin 100. Shekara 33 bayan Linus Torvalds ya fara ta a 1991. Ba don mutane wawaye ba ne. Mutum ba ya sayen kwamfuta don tsarin da ke cikinta, yana sayenta ne don aikin da zai yi, kuma aikin yana ɗaure da wasu manhajoji.

Mu ɗauki ɓangarenmu na injiniya. MATLAB tana da ta Linux, COMSOL tana da ita, KiCad da Python da LaTeX kuwa can ne gidansu. Amma SolidWorks, Revit, Altium Designer, duk Windows ce kawai. AutoCAD tana da ta Windows da ta Mac, babu ta Linux. Za a ce maka ga FreeCAD, wadda ta kai siga ta 1.0 a watan Nuwamban 2024, kuma ta yi kyau ƙwarai. Sai dai in malaminka ya ce ka kawo fayil ɗin SolidWorks, ko kamfanin da kake neman aiki ya rubuta Revit a talla, FreeCAD ba za ta cece ka ba. Haka mai shagon buga kati da kalanda a Kano wanda rayuwarsa take kan CorelDRAW da Photoshop. Haka mai buga FC ko Valorant, domin manhajar hana maguɗi da ke cikin waɗannan wasannin ba ta yarda da Linux ba, duk da cewa tun da Valve ta fito da Proton a 2018 dubban wasanni suna tafiya lafiya. Akwai ma jarrabawar da ake yi ta LockDown Browser, ita ma babu ta Linux.

Amma waɗanda na fi tausaya wa su ne 'yan'uwanmu masu karatun Larabci da Shari'a, kuma su ne mafi yawan ɗaliban Hausawa a ƙasar nan. Mai rubuta risala sau da yawa ana ba shi ƙa'ida ce a rubuce: rubutu da font ɗin Traditional Arabic, girma kaza, hashiya kaza. Wannan font ɗin tare da kayan Microsoft yake zuwa. A rubutun boko an yi dabara, akwai Carlito da aka auna ta daidai da faɗin Calibri, akwai Liberation da ke tsayawa a madadin Arial da Times New Roman, shafi ba ya motsi. A Larabci kuwa, in ka buɗe fayil ɗin a LibreOffice ba tare da font ɗin ba, sai ta ɗauko wani mai faɗi daban ta maye gurbinsa. Risala mai shafi 300 ta koma wani adadin, hashiya ta tsallaka shafi, fihirisa ta daina dacewa da lambobin shafuka. Font ɗin Amiri na Khaled Hosny kyauta ne, kuma a idona ya fi kyau nesa ba kusa ba, amma ba ni ne zan sa hannu a kan risalar ba. Ga kuma manhajar Mus'hafin Madina ta Cibiyar Sarki Fahad, wadda ake kwafo aya da rasmin Usmani a liƙa a Word, don Windows aka yi ta. Maktabatus Shamila ma a Windows ta taso, ko da yake yanzu ana iya karanta ta a shafinta na intanet. Wanda ya saura wata uku ya miƙa risala, don Allah kada wani ya zo masa da maganar canza tsari.

To wa za ta yi wa? Duk wanda in ka kalli yininsa za ka ga a cikin burauza yake ƙarewa: YouTube, Gmail, Google Docs, WhatsApp na kwamfuta, Zoom, karatun PDF, kallon fim. A nan Saudiyya ma harkokin gwamnati sun koma waya da burauza, Absher, Nafath, Nusuk, babu wanda ya damu da tsarin da ke laftof ɗinka. Mai koyon rubuta manhaja ko harkar tsaron intanet kuwa, shi ba shawara ba ce, dole ce, gara ya saba tun yanzu. Ga masu rubutu da Hausa, Linux tana da jerin madannai na Hausa mai ɓ da ɗ da ƙ a ciki, kamar yadda Windows take da shi. Irin waɗannan mutanen, in kwamfutarsu zubi na 6 ce ko na 7, ra'ayina a fili yake: Linux Mint ko Ubuntu ta fi musu alheri a kan zama da Windows 10 da ba a toshe mata kafa. Ku tuna WannaCry a watan Mayun 2017. Microsoft ta fitar da maganin kafar tun watan Maris, waɗanda abin ya cinye su ne waɗanda ba su sabunta ba da masu tsarin da aka daina kulawa da shi.

Na san wani zai ce ai da Rufus ana tsallake sharaɗin TPM a ɗora Windows 11 a kan komai. Ana yi, ni ma na yi wa mutane. Amma Microsoft ta faɗa da bakinta cewa irin wannan kwamfutar ba ta da tabbacin samun sabuntawa, kuma duk shekara in babbar siga ta fito sai ka sake dabara. Ga wanda ya iya, ba laifi. Ga ƙanwarka da ke Gusau wadda ba ta da mai duba mata, rance ne ka ci mata.

Maganar "ba ta kama netwok"

Nan ne mafi yawan mutane suke karaya, kuma nan ne na fi ganin an zalunci Linux. Mutum ya ɗora, ya ga intanet ba ya tafiya, ya ce ba ta da kyau, ya koma. Alhali "intanet ba ya tafiya" cuta ce kusan kala shida masu alama ɗaya. In wuta ta ɗauke a ɗakinka ba ka fara zagin NEPA, sai ka leƙa ka ga ko ƙwan ne ya mutu, ko fis ne, ko duk layin ne ya yi duhu. Haka ake bin netwok, daga kusa zuwa nesa.

Matakin farko, kwamfutar ta ma ga katin Wi-Fi ɗin? Buɗe taminal ka rubuta lspci -nnk, za ka ga sunan katin da direban da ke riƙe da shi. In babu direba, ka gano cutar. Katunan Intel galibi suna tashi da kansu domin direbansu yana cikin ƙwayar Linux. Wasu na Broadcom suna buƙatar direban da ba a buɗe lambarsa ba, sai an sauko da shi daban. Wasu na Realtek, irin su RTL8821CE da ke cikin laftof masu araha da yawa, sun daɗe suna wahalar da mutane kafin a shigar da direbansu ciki. Abin dariyar shi ne kana buƙatar intanet kafin ka sauko da abin da zai ba ka intanet. Maganin yana aljihunka: haɗa wayarka da kebul, kunna raba intanet ta USB, layin stc ne ko Mobily ko Zain ko MTN duk ɗaya, Linux za ta ɗauke ta kamar wayar netwok ce ka soka. Daga nan ka buɗe Driver Manager a Mint ka bar ta ta nemo. In ka ɗora direban kuma har yanzu shiru, duba Secure Boot, domin yana hana direban da ba shi da sa hannu tashi. Lokacin da ka sake kunna kwamfutar wani shuɗin allo yakan fito yana neman ka yi rajistar makulli, mutane da yawa suna tsallake shi don tsoro, alhali shi ne ƙofar. Kafin duk wannan ma, rubuta rfkill list, sau nawa na ga ashe maɓallin jirgin sama ne a danne.

In katin yana aiki, yana ganin netwok ɗin maƙwabta amma ba ya ganin naka, ka yi zargin tasha. A zangon 2.4 GHz Amurka tasha 1 zuwa 11 take amfani da su, yawancin sauran ƙasashe har 13. Kwamfutar da take zaton a Amurka take ba za ta nemi rautar da ta zauna a tasha ta 13 ba. Umarnin iw reg get zai nuna maka ƙasar da take zaton tana ciki. Wannan ya fi muhimmanci a nan, domin tun 2021 Saudiyya ta buɗe duk zangon 6 GHz ga Wi-Fi, tana cikin ƙasashen farko da suka yi haka, kuma kati ba ya taɓa wannan zangon sai ya tabbatar ƙasar da yake ciki ta halatta.

In ya haɗu amma shafi ba ya buɗewa, duba adireshin da aka ba ka da ip a. Adireshin da ya fara da 169.254 ma'anarsa babu wanda ya ba ka adireshi, kwamfutar ce ta ƙirƙira wa kanta, haka abin yake ko a Windows. In adireshin lafiya, yi ping 1.1.1.1. Ya amsa amma sunan shafi ba ya buɗewa? To matsalar DNS ce, mai fassara suna zuwa lamba, intanet ɗinka yana nan.

Akwai wanda ya ci min yini guda, bari in ba ku shi kyauta. Kawuna ya zo Umara ya sauka a wani otal a Misfala, na je da laftof don in tura masa wasu takardu. Wayata ta hau Wi-Fi ɗin otal ɗin, shafin shiga ya fito, ta wuce. Laftof ta haɗu, amma shafin shigar ya ƙi fitowa. Na gwada dabarar da aka sani, wato buɗe shafin da ba shi da makulli irin neverssl.com don netwok ɗin ya samu damar karkatar da ni, na kashe VPN, na kashe ɓoyayyen DNS na burauza, duk a banza. Sai da na rubuta ip route na ga abin. Ina da Docker a kwamfutar saboda aikin bincikena, ita kuma a al'adarta tana ware wa kanta adireshin da suka fara da 172.17. Shafin shigar otal ɗin ma a cikin wannan zangon yake. Duk saƙon da na aika masa, kwamfutata tana juya shi cikin cikinta, ba ya ko fita. Na tsayar da Docker, na sauke hanyar da ta buɗe, shafi ya fito nan take. Babu laifin otal, babu laifin Linux, kayana ne suka yi karo da na mutane.

Wi-Fi na makarantu da ma'aikatu, irin wanda ake shiga da suna da kalmar sirri, shi ma babi ne. A Windows sau da yawa sashen kwamfuta ya riga ya shirya komai. A Linux kai za ka cike da hannunka: PEAP, sannan MSCHAPv2, sannan takardar shaidar sabar. A nan ne kowa yake danna akwatin da ke cewa ba a buƙatar takardar shaida, don a wuce wurin. Ku daina. Tun 2012 Moxie Marlinspike ya nuna cewa ana iya fasa MSCHAPv2, abin da ke kare ta kawai shi ne rufin da ke samanta, rufin kuma ba shi da amfani in ba ka tantance da wa kake magana ba. Wani zai iya kunna na'ura mai suna irin na makarantarku a bakin ɗakin karatu, kwamfutarka ta miƙa masa abin da zai fasa ya fitar da kalmar sirrinka, wadda galibi ita ce ta imel ɗinka da shafin rajistarka. Je ka nemi takardar shaidar da sunan sabar a wurin masu kula da netwok ɗin, haƙƙinka ne. Wani lokacin kuma saɓanin zamani ne: da Ubuntu 22.04 ta fito da OpenSSL 3, mutane da yawa a duniya sun kasa hawa irin wannan Wi-Fi ɗin domin sabar wurinsu tana magana da tsohon salon tsaro da sabuwar manhajar ta daina yarda da shi.

Kada wani ya ɗauka Windows 11 ta tsira daga wannan. Siga ta 22H2 ta kunna Credential Guard da kanta a bugun Enterprise da Education, abin da ya hana kwamfutoci da yawa shiga Wi-Fi mai MSCHAPv2 kai tsaye kamar da. Siga ta 24H2 ta tsaurara ƙa'idar raba fayil, ofisoshi suka wayi gari ba sa ganin tsohuwar ma'ajiyarsu ta netwok. Kuma wajen ɗora ta ana matsa maka sai ka haɗa intanet ka shiga da asusun Microsoft, wanda ga mai sayen data da awo a Funtuwa ba ƙaramin abu ba ne. Bambancin kawai, in Windows ta yi haka ana cewa netwok ne, in Linux ta yi ana cewa Linux ce. Shekaru da dama kiran WhatsApp ba ya tafiya a layukan ƙasar nan, na sha ganin sabon zuwa yana zargin wayarsa.

Ga masu son haɗa biyun a kwamfuta ɗaya, wanda shi ne abin da ni nake yi, abu uku za su cije ku. Kashe Fast Startup a Windows, domin ba ta mutuwa gaba ɗaya in an kashe ta, tana barin diski a kulle, wani lokacin ta bar katin Wi-Fi ko Bluetooth a halin da Linux ba za ta iya tashinsa ba. Adana makullin BitLocker a wani wuri kafin ka taɓa komai, sababbin kwamfutoci da yawa diskinsu a rufe yake mai shi bai sani ba. Sai agogo. Linux tana ajiye agogon cikin na'ura a lokacin UTC, Windows tana ɗaukarsa lokacin gari ne. A Najeriya da Nijar za ka ga Windows ta koma baya da awa ɗaya, a Makka da awa uku. Na taɓa zama ina aiki hankali kwance ina ganin da sauran lokaci, sai kiran sallar la'asar na ji. Umarnin timedatectl set-local-rtc 1 yana kashe rigimar. In kuma abin da kake buƙata daga Linux taminal ne kawai da kayan rubuta manhaja, WSL2 tana nan a cikin Windows tun 2020, ba sai ka raba diski ba.

Mai gyara

Abin da ya fi damuna a ƙarshe ba na'ura ba ne. A 2007 Najeriya ta yi odar ƙananan kwamfutocin Classmate na Intel guda 17,000 don makarantu, da Mandriva Linux a ciki. Ba a jima ba labari ya fito cewa za a goge a ɗora Windows, har shugaban Mandriva, François Bancilhon, ya rubuta wa Steve Ballmer na Microsoft buɗaɗɗiyar wasiƙa yana kuka. An yi ta muhawara a kan wa ya yi wa wa maƙarƙashiya. Ni tambayar da nake yi ita ce, ko da an bar Mandriva ɗin, ranar da guda ta ƙi hawa netwok a wata firamare, wa malamin zai kira?

Birnin Munich na Jamus ya yanke shawarar komawa Linux a 2003, ya ɗauki shekara goma kafin ya kammala da kwamfutoci kusan 15,000, sannan a 2017 majalisar birnin ta zaɓi komawa Windows. Akwai siyasa a ciki, amma koke-koken ma'aikata a kan musayar takardu da sauran hukumomi da manhajojin da ba su da madadi su ma gaskiya ne. Jihar Schleswig-Holstein, ita ma a Jamus, ta sanar a 2024 cewa za ta mayar da kwamfutoci 30,000, sai dai ta fara ne da canza Office zuwa LibreOffice, Linux ta biyo baya. Wannan tsarin ya fi hankali, kuma shi nake ba kowa shawara yanzu. Kana kan Windows ɗinka, ɗora LibreOffice, GIMP, Inkscape, duk abin da za ka koma kansa, ka yi wata guda da su a aikinka na gaske. In ka kai ƙarshen watan ba ka buɗe Word ba, canza tsarin ƙaramin abu ne. In ka kasa, ka gano da wuri ba tare da ka rasa komai ba.

Su Jamusawa suna da ma'aikatan da ake biya don su amsa waya. Mu abin da muke da shi shi ne mai gyara na bakin titi, kuma daga Farm Centre har Shara Mansur, in ka kai masa kwamfuta mai Linux abu ɗaya zai yi: ya yi mata fomat ya ɗora Windows ɗin da ba a san asalinta ba, da kirak a kai. Ba laifinsa ba ne, abin da ya koya ke nan, kuma shi ke kawo masa abinci. Shi ya sa nake ganin duk wanda ya ɗora wa wani Linux ya ɗauki amana, lambarsa ce za a kira ƙarfe sha ɗayan dare. In ba za ka ɗauki wayar ba, kada ka ɗora. Ku kuma matasa masu koyon gyara, ga kasuwa nan tana tahowa: kwamfutoci zubi na 6 da na 7 da kamfanonin Turai da Amurka suke zubarwa saboda Windows 11, wurinmu za su ƙare, da araha. Wanda ya iya lspci da rfkill da rajistar makullin Secure Boot zai ci abinci da su.

Alhaji dai yana kan Windows 10 ɗinsa zuwa Oktoba. Mun yi magana, ya ce bayan aikin Hajji zai sayi wata ta hannu, zubi na 8, don na'urar fasfo da Excel ɗinsa. Tsohuwar kuma zai ba 'yarsa da ke sakandare, wadda YouTube da Google Docs ne duk aikinta. Ita zan ɗora wa Mint, amma sai ta yi sati tana kunna ta daga filash, kuma sai na buɗe durowar teburinta na ga abin da ke ciki.